Tayar Challenge Grifo a Gasar Kuros ta Yanki: Inda Take Biyan Kuɗinta da Inda Take Gazawa

Duk wanda ya fara sha'awar tseren keke na cikin taɓo, wanda ake kira saikulo-kuros, masu yinsa kuma suke gajarta sunan su ce kuros, abin da yake fara tambaya shi ne wane irin keke ya kamata ya saya. Waɗanda suka daɗe a harkar kuwa sukan karkatar da hankalinsa zuwa ga taya, domin a wannan tsere taya ce take raba tsakanin mahayin da ya sha kwana yana kan sirdinsa da wanda ya tsinci kansa kwance a cikin ciyawa. Tayar da aka fi ambata idan ana irin wannan magana ita ce Grifo, ta kamfanin Challenge na ƙasar Italiya, kuma ita nake so in yi wa sharhi a nan, ta fuskar mai shiga gasar yanki a Ingila, wanda keke ɗaya gare shi, da wili biyu kacal, kuma babu wani makanike da ke tsaye yana jiransa a bakin fili.

Kafin a fahimci abin da ake nema a wurin taya, sai an san irin filin da za ta taka. Kuros ya samo asali ne a Faransa a farkon ƙarni na 20, inda aka yi gasar ƙasa ta farko a 1902, sannan aka fara gasar duniya a birnin Paris a 1950, wadda Jean Robic ya lashe. A yau Beljiyam da Holan ne cibiyar wasan. A ƙa'idar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tsawon zagaye ɗaya yakan kasance tsakanin kilomita 2.5 zuwa 3.5, ana maimaita shi har na tsawon kimanin awa ɗaya a tseren manyan maza. A cikin wannan gajeren zagaye mahayi zai bi ta kan ciyawa, da laka, da yashi, da saiwoyin itatuwa, da ɗan guntun kwalta, zai kuma sauka ya saɓa keken a kafaɗa ya hau tudu da gudu, ko ya tsallake katakan da aka gicciye waɗanda tsayinsu bai wuce santimita 40 ba. Ke nan taya ɗaya ce ake so ta yi aiki a kan ƙasa iri huɗu ko biyar a cikin mintuna bakwai ko takwas, alhali hukumar ta ƙayyade tun 2010 cewa faɗinta kada ya wuce milimita 33 a gasannin da ke ƙarƙashinta.

Manyan 'yan wasa sun warware wannan matsala da yawan kaya. Mutum irin Mathieu van der Poel, wanda a 2025 ya ci kambin duniya karo na bakwai ya kamo tarihin Erik De Vlaeminck, yakan zo fili da kekuna da dama da tarin wili, kowanne da irin zanen tayarsa, kuma idan laka ta yi yawa yana iya canza keke duk rabin zagaye, ya miƙa mai datti ya karɓi wankakke. Gasar yanki a Ingila ba haka take ba. Ƙungiyoyin keke na gari ne suke shirya ta ƙarƙashin hukumar British Cycling, a yankuna irin su Yorkshire, da Wessex, da Gabashin Ingila, da Arewa maso Yammacin Ingila, da Landan, kuma 'yan sa-kai ne suke kafa turaku su ɗaure igiyoyin alama a filayen shaƙatawa, da harabar makarantu, da gonaki. Ana farawa a watan Satumba a ci gaba har cikin Janairu, kusan kowane ƙarshen mako, tun daga tseren yara 'yan ƙasa da shekara 10 har zuwa rukunin 'yan shekara 40, da 50, da 60. Kowane tsere yana da maki, makin da mutum ya tara shi ne matsayinsa a teburin gasar, kuma galibi da wannan matsayi ake jera mahaya a layin farawa. Bai kamata a raina wannan mataki ba, domin Yorkshire ce ta fitar da Tom Pidcock, ɗan garin Leeds, wanda ya ci kambin duniya na matasa a 2017, ya kuma zama Baturen Birtaniya na farko da ya ci na manyan maza a 2022 a Fayetteville ta Amurka.

Wannan tsari na tara maki shi ne dalilin da ya sa nake ganin Grifo ta dace da mai gasar yanki fiye da kowace taya da na hau. Wanda ke neman matsayi a tebur ba rana ɗaya yake nema ya burge ba, so yake ya gama kowane tsere a wuri mai kyau, daga busasshiyar ciyawar Satumba har zuwa caɓin Disamba. Tayar da ta fi kowacce a rana ɗaya amma ta ba shi kunya a sauran ranaku ba ta da amfani a wurinsa kamar wadda take yin aiki gwargwado a mafi yawan ranakun.

Zanen Grifo tsoho ne, an gaje shi daga tsohon kamfanin taya na Clément, kuma bai canza sosai ba duk da shekarun da ya yi. A tsakiyar tayar akwai haƙora masu siffar kan kibiya a jere, kusa da juna, a gefe biyu kuma akwai ƙananan ɗigo-ɗigo masu zagaye. Haƙoran ba su da tsayi sosai, shi ya sa tayar take gudu ba tare da jan ƙafa ba a kan busasshiyar ƙasa da kwalta, amma suna da isasshen kaifin da za su kama ciyawa mai danshi. Abin da ya fi zanen muhimmanci shi ne jikin tayar. A nau'in da ake haɗawa da hannu, ana saƙa jikin da siraran zaruruwa masu yawa, 300 a kowane inci a samfurin da aka fi saya, sannan a manna robar zanen a kai ba tare da an gasa su tare da zafi ba, saɓanin tayoyin da aka saba gani waɗanda ake dafa roba da zare a zubi ɗaya. Sakamakon haka jikin yana da laushi ƙwarai, yana lanƙwasawa ya bi siffar duk abin da ya taka maimakon ya yi tsalle a kansa. Wanda ya hau tayar a kan fili mai saiwoyi ko ƙasar da kofaton shanu ya farfasa zai ji bambancin a tafin hannunsa tun zagayen farko, domin keken yana lafawa a ƙasa, kuma wilin baya ba ya yawan sulɓewa idan aka taka feda da ƙarfi.

A watannin farko na gasar, lokacin da ciyawa take bushe ko take da raɓar safe kawai, ban ga abin da zan kushe ba. Tana ɗaukar gudu da sauri bayan kowace kwana, wanda a kuros babban abu ne, tunda zagaye ɗaya yana cike da kwanoni masu tsanani da ke tilasta wa mahayi ya rage gudu ya sake tayarwa. Akwai tayoyin da suka fi ta sauri a irin wannan rana, kamar Chicane ta kamfanin ɗaya, wadda tsakiyarta kusan sumul yake, amma ratar ba ta kai yadda za ta sauya matsayin matsakaicin mahayi ba. A yashi ma tana yin abin da ake bukata idan an rage iska, ko da yake filayen yanki a Ingila ba kasafai suke da dogon yashi irin na Koksijde ko Zonhoven a Beljiyam ba, sai dai ɗan ramin yashin da 'yan tsalle ke amfani da shi a filin makaranta.

Inda ta fi burge ni shi ne a watan Oktoba da farkon Nuwamba, lokacin da ruwa ya fara jiƙa ƙasa amma bai mayar da ita kunu ba. A irin wannan yanayi saman ƙasa yana da santsi, ƙarƙashinta kuma da sauran tauri, kuma kwanar da aka sha lafiya a zagayen farko takan zama wata aba dabam bayan kekuna ɗari sun bi ta kanta. Halin Grifo a nan shi ne ba ta sakin ƙasa farat ɗaya. Idan ta kusa iyakar riƙonta sai ta fara zamewa a hankali, mahayi ya ji, ya samu damar gyara zama ko ya sauke ƙafa ɗaya. Tayoyi masu dogayen haƙoran gefe sukan riƙe fiye da ita har zuwa wani matsayi, amma wasunsu idan suka saki babu gargaɗi. Ga wanda yake koyon shan kwana, kuma mafi yawan masu gasar yanki har yanzu koyo suke yi ko da sun shekara goma suna yi, tayar da take sanar da mutum abin da ke shirin faruwa ta fi masa alheri, domin da ita yake gane iyakar kekensa ba tare da ya sha ƙasa kowane mako ba.

Gazawarta tana bayyana ne idan hunturu ya kankama, wanda a Ingila lokaci ne na sanyi da ruwan sama. A fili mai yumɓu, musamman idan yumɓun ya cakuɗe da tsinken ciyawa da ganyen da ya zubo, tazarar da ke tsakanin haƙoran takan cika, tayar ta koma sumul, ta daina cizon ƙasa. Mai keke biyu da mataimaki zai canza, amma mai keke ɗaya haka zai ci gaba da jan kayansa har a kaɗa tuta. Wuri na biyu da take rauni shi ne gangaren gefe, wato inda hanya ta ratsa jikin tudu a karkace, nauyin mahayi yana jan sa zuwa ƙasa. A nan haƙoran gefe ne suke aiki, kuma ɗigon Grifo gajeru ne, ba sa nutsewa cikin laka su sami abin kamawa. Inda mai tayar Limus, wadda kamfanin ya yi musamman domin taɓo da dogayen haƙora masu tazara, zai wuce a kan sirdi, mai Grifo sau da yawa sai ya sauka ya tura. Wannan ba aibin ƙira ba ne, iyakar abin da aka yi ta dominsa ke nan, amma ya kamata mai saye ya san cewa a yankunan da ruwa ya fi yawa, kamar Arewa maso Yamma, ranakun da za ta gaza sun fi yawa a kan na Gabashin Ingila inda ƙasa ta fi saurin tsanewa. Wasu mahaya sukan sa Limus ko Baby Limus a gaba su bar Grifo a baya idan Disamba ta shigo, kuma a ganina wannan dabara ce mai kyau ga wanda ba zai iya sayen wasu wili biyu na canji ba, tunda zamewar wilin gaba ita ce take kayar da mutum, ta baya kuwa ana iya tare ta.

Duk abin da na faɗa na yabo ya dogara ne a kan iska, kuma a nan ne mutane da yawa suke sayen taya mai tsada su hana ta aiki. Wanda ya saba da keken kwalta, inda ake bugawa taya iska har ta yi tauri kamar dutse, yakan ji tsoron rage ta. A kuros kuwa manyan 'yan wasa sukan hau da iskar da ba ta kai bar 2 ba (bar ma'auni ne na ƙarfin iskar taya), a ranar taɓo ma sukan sauko ƙasa da bar 1.5. Dalilin shi ne taya mai ƙarancin iska tana shimfiɗuwa, haƙora da yawa su taɓa ƙasa a lokaci guda, jikinta mai laushi kuma ya sami damar lanƙwasawa. Idan aka cika wa Grifo iska, laushin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi a banza, kuma ba za ta fi taya mai araha da komai ba. Shawarata ga mahayi mai matsakaicin nauyi ita ce ya fara daga wajen bar 1.8, ya zagaya filin kafin tsere, ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har ya ji rim ya ɗan taɓa ƙasa sau ɗaya ko biyu a wuri mafi muni na zagayen, sannan ya tsaya a nan ko ya ƙara ɗan kaɗan. Tayar gaba takan ɗauki ƙasa da ta baya saboda nauyin mahayi ya fi sauka a baya. Ma'aunin da ke jikin famfon keke na gida ba ya nuna gaskiya a irin wannan ƙaramar iska, don haka ƙaramin ma'aunin lantarki yana cikin abin da ya kamata a lissafa tare da kuɗin tayar.

Batun iska shi ne yake kai mu ga zaɓin nau'i, domin ana sayar da Grifo a siga fiye da ɗaya, kuma mai saye yana iya rikicewa. Akwai ta asali wadda aka ɗinke tub a cikinta, ake manna ta a jikin rim na musamman da gam. Ita ce manyan 'yan wasa suka daɗe suna hawa, domin tana jure iska mafi ƙanƙanta ba tare da ta fita daga rim ba, kuma ko ta yi faci ana iya lallaɓawa da ita har wurin canjin keke. Sai dai manna ta aiki ne na kwanaki, ana shafa gam a bar shi ya sha iska a sake shafawa, kamar yadda mai faci yake jira sholisho ya bushe kafin ya ɗora ƙyalle, illa dai nan rim ɗin gaba ɗaya ake shafewa kuma sau da yawa. Idan mannin bai yi kyau ba tayar tana iya kwaɓewa a tsakiyar kwana, idan kuma ta fashe gyaranta yana da wuya. Ga mai wili biyu kacal, manna taya yana nufin ya ɗaure kansa da zane ɗaya har ƙarshen gasar.

Akwai kuma wadda ake sa wa tub kamar kowace taya. Tana da sauƙin canzawa, kuma da tub na roba mai laushi tana ba da jin daɗin hawa kusa da na mannanniya, amma idan aka rage iska sosai tub yakan matse tsakanin rim da saiwa ko dutse ya huje, don haka dole a bar iskar sama da yadda ake so. Nau'i na uku shi ne tubles, wanda ba shi da tub, ana zuba masa ruwan liƙi da ke toshe ƙananan huji da kansa. Shi nake ba mai gasar yanki shawarar ya saya. Yana ba da damar sauke iska kusa da inda mannanniya take kaiwa, ana iya cire shi a sa wata taya idan yanayi ya juya, kuma ƙayar da ake yawan samu a gefen gonakin Ingila bayan an aske shinge ba ta cika tsayar da shi ba. Hatsarinsa ɗaya shi ne idan iska ta yi ƙasa ƙwarai bakin tayar yana iya ɗagawa daga rim a kwana mai ƙarfi iska ta fita, abin da wasu suke magancewa da sa zoben soso a ciki. Kamfanin yana yin tubles ɗin iri biyu, na hannu da kuma wanda aka gasa, mai zare 120 a inci. Na biyun ya fi araha kuma ya fi jure wahala, zanensa ɗaya ne, amma bai kai na hannu laushi ba. Wanda yake shekararsa ta farko a gasa ba zai yi asara ba idan ya fara da shi.

Akwai abubuwan da ya kamata a sani game da ta hannu kafin a biya kuɗi. Tana zuwa a shimfiɗe kamar ɗamara, ba a lanƙwashe kamar sauran tayoyi ba, kuma sa ta a rim karon farko yana bukatar haƙuri da ƙarfin yatsu, don haka ba aikin da za a bari sai daren tsere ba ne. Bayan ta kwana da iska a ciki takan ɗauki siffa, sakawa ta gaba ta zo da sauƙi. Robarta mai laushi ce, wanda shi ne sirrin riƙonta, amma hakan yana sa ta saurin cinyewa a kan kwalta, saboda haka wanda yake zuwa aiki da keken da yake tsere da shi zai ga haƙoran tsakiya sun lafa kafin gasar ta ƙare. Gefenta mai launin ƙasa-ƙasa siriri ne, duwatsu masu kaifi suna iya yanka shi, kuma ba ya son a ajiye shi da laka a jiki ko a matsa masa ruwan injin wanki daga kusa. Wanke ta da soso da ruwa bayan kowane tsere, a bar ta ta bushe a inuwa, yana ƙara mata kwana sosai. Kuɗinta ya fi na tayoyin da aka gasa nesa ba kusa ba, kuma wannan kulawa tana cikin farashin.

Masu gogayya da ita ba su da yawa a wannan aji. Typhoon ta kamfanin Dugast tana da zane mai kama da nata kuma tana da babban suna a Beljiyam da Holan, haka ma tayoyin FMB na Faransa, amma sunan waɗannan biyun ya ginu ne a kan tayar manni, kuma an fi ganinsu a kekunan masu wili da yawa. A layin farawa na gasar yanki Grifo ce aka fi saurin samu a shagunan keke da na intanet, wanda yake da amfani idan taya ta yage ranar Lahadi kuma akwai wani tseren a mako mai zuwa.

Abu na ƙarshe da ya shafi faɗi yana da muhimmanci ga masu niyyar hawa mataki na gaba. A mafi yawan gasannin yanki ba a tsananta dokar milimita 33, har keken hawan dutse ana bari a shiga da shi domin a jawo sababbin mahaya, don haka mai farawa yana iya amfani da taya mai faɗi, wadda ma ta fi yafiya a kan saiwoyi. Amma wanda zai shiga gasar ƙasa ta National Trophy a rukunin da dokar UCI ta shafa, ya sani cewa alƙalai suna gwada faɗin taya da ma'auni kafin a tashi, kuma abin da suke aunawa shi ne faɗinta a kan wili da iska a ciki, ba lambar da aka rubuta a jikinta ba. Rim ɗin zamani sun fi na da faɗi daga ciki, kuma taya mai lamba 33 tana iya buɗewa ta zarce haka a kansu, musamman bayan ta ɗan tsufa ta saki jiki. Ya kamata mai irin wannan rim ya auna tayarsa a gida da iskar da zai yi tsere da ita, tun kafin ya biya kuɗin rajista ya kama hanya.